Ƙwallo 10 da rabi a daƙiƙa: Yadda aka sa wa bindigar fenti linzami, da tambayar da ke jiran filin Pantami

Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa na Pantami da ke birnin Gombe a yammacin da Gombe United ke karɓar baƙi, ya san irin nauyin da ke wuyan alƙalin wasa. Mutum ɗaya ne a tsakiyar fili, usur a baki, agogo a hannu, kati biyu a aljihu, ga dubban 'yan kallo kowa na ganin ya fi shi gani. Duk da haka aikinsa na da sauƙi guda: laifin da zai hukunta, ido na iya kama shi. An sa wa ɗan wasa ƙafa, an taɓa ƙwallo da hannu, an yi satar gida. Ko ya yi kuskure, abin a fili ya faru.

Akwai wani wasan da alƙalinsa ya wayi gari ya tarar idonsa ya daina yi masa aiki, domin laifin ya koma cikin wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta fi akwatin ashana girma ba. Shi ne wasan harbin fenti, wanda matasa ke kira fentbol, wanda kuma ya riga ya shiga wuraren shaƙatawa na Abuja da Legas. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowane ɗan wasa sanye da takunkumin fuska mai gilashi, riƙe da bindigar da ke amfani da matsattsiyar iska wajen harba 'yan ƙwallaye masu girman 'ya'yan magarya. Ɓawonsu irin na kafson magani ne, cikinsu ruwa mai launi. Wanda ƙwallo ta fashe a jikinsa ta bar masa tabo, ya fita daga wasa.

A manyan gasannin wannan wasa a yau, dokar da aka fi sa wa ido ita ce ta yawan harbi. Gasar NXL, wadda ke kan gaba a Amurka tun 2015, ba ta yarda bindiga ta wuce ƙwallo 10.5 a daƙiƙa ɗaya ba. Yadda aka zo ga wannan lamba labari ne da ya kamata duk mai rubuta doka ko daftarin tsari a ofishin gwamnati ya ji, ko da kuwa bai taɓa riƙe bindigar roba ba.

Daga gandun daji zuwa batir

An buga wasan farko ne a ranar 27 ga Yunin 1981, a dajin Henniker da ke jihar New Hampshire ta Amurka. Mutum 12 ne suka shiga, bisa jagorancin wasu abokai uku: Charles Gaines da Hayes Noel da Bob Gurnsey. Bindigar da suka yi amfani da ita, Nel-Spot 007, ba don wasa aka ƙera ta ba. Ma'aikatan gandun daji ne ke sa wa bishiyoyi alama da ita daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu. Sai an ɗana ta da hannu kafin kowane harbi. Abin dariya, wanda ya lashe wasan ranar, wani ma'aikacin daji mai suna Ritchie White, bai harba ko ɗaya ba. Sanɗa ya yi ta yi har ya tattara tutocin da ake nema.

Shekara 15 bayan haka, a 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi ta zama jiha, bindigogin lantarki na farko suka fara fitowa. Shocker ce ta buɗe ƙofa, Angel ta kamfanin WDP na Ingila ta biyo baya. A tsohuwar bindiga, yatsa ne ke jan kunama ya saki ƙarfen da ke buɗe wa iska hanya. A sabuwar, kunamar ta zama maɓalli kawai. Da an taɓa ta, sai ta aika saƙo ga ƙwaƙwalwar da batir ke ɗauke da ita, ita kuma ta ba da umarnin sakin iska. Taɓawar ba ta buƙatar ƙarfi, don haka 'yan wasa suka koyi kaɗa kunamar da yatsu biyu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiɗan kalangu. Daga baya aka sa wa ƙoƙon ƙwallayen da ke bisa bindigar ɗan inji mai tura su da sauri, aka kuma sa wani ido na lantarki da ke hana harbi sai ƙwallo ta zauna daram.

Dokar gasa a lokacin ɗaya ce, kuma a takarda ba ta da aibu: ja ɗaya, ƙwallo ɗaya. Wanda yatsansa ya fi sauri ya ci gajiyar horonsa.

Matsalar ita ce tsakanin yatsa da bakin bindiga yanzu akwai manhaja, ita kuwa manhaja abin da aka gaya mata take yi. Kowane maɓallin lantarki yana ɗan rawa idan aka danna shi, ya haɗa wuta ya raba sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Ƙwaƙwalwar na da wani saiti da ke yin watsi da wannan rawa. Idan aka sassauta saitin, sai bindiga ta ɗauki rawar a matsayin ƙarin ja, ta ƙara harbi. Wannan ita ce ƙaramar dabara. Babbar ita ce ɓoyayyen tsari: bindiga na hannun alƙali tana harbi ɗaya-ɗaya kamar mutuniyar kirki, amma da mai ita ya ja kunamar da wani salo da shi kaɗai ya sani, sai ta buɗe wuta kamar ruwan ƙanƙara. Da ta ɗan huta, ko aka danna wani maɓalli, sai ta koma yadda take.

A fagen dambe, hannun da aka naɗe da zare a gaban jama'a shi ne hannun da zai shiga turmi. Idan ana zargin an cusa wani abu a ciki, a taɓa a ji. A nan kuwa, bindigar da alƙali ya gwada da wadda ta shiga fili ƙarfe ɗaya ne, hali biyu. Ta fi kama da mudun da aka bubbuge wa gindi, wanda ake ɓoyewa idan masu duba awo sun shigo kasuwa, sai dai wannan mudun da kansa yake miƙewa idan ya hango su. Duniya ta ga irin wannan a babban mataki a Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, lamarin da ya shafi motoci kimanin miliyan 11. Alƙalan harbin fenti sun sha wannan ɗaci fiye da shekara goma kafin nan.

Hanya biyu

Manyan gasanni biyu na Amurka a wancan zamani sun rabu a kan mafita. NPPL ta tsaya a kan ja ɗaya, ƙwallo ɗaya, ta ƙara tsananta bincike, har aka ƙera wata na'ura mai jan kunama tana ƙirga abin da ya fito. Sai dai ita ma na'urar a wajen fili take gwaji, ga shi kuma ba kowace bindiga za a kai mata ba.

PSP ta ɗauki wata hanyar a 2005, wadda da yawa suka kalla a matsayin miƙa wuya ga masu maguɗi. Ta ce tunda ba mai iya tabbatar da sau nawa yatsa ya motsa a tsakiyar gumurzu, to a daina ƙirga yatsa. Ta halatta wa ƙwaƙwalwar bindiga ta taimaka wa kowa, amma ta kafa rufi: kimanin ƙwallo 15 a daƙiƙa. Alƙali kuma ya riƙe 'yar na'urar da ke sauraren ƙarar harbi tana auna tazarar da ke tsakanin ƙwallo da ƙwallo, ya matso kusa da ɗan wasa ana cikin wasa ya auna. Abin da ke cikin bindigar bai dame shi ba. Abin da ya fito daga bakinta shi ne shaida.

Da wannan sauyi ɗaya, ribar maguɗi ta kusa ƙarewa. Mai ɓoyayyen tsari ba shi da abin da ya fi abokin karawarsa da shi, tunda kowa na iya kai wa rufin, wanda kuma ya haura, lamba za ta tona shi a take. Hukuncin yakan kai ga ƙungiya ta rasa maki, ɗan wasan kuma a dakatar da shi idan ya wuce gona da iri. Shi ya sa 'yan wasa kan saita bindigoginsu ƙasa kaɗan da rufin don gudun tsautsayi, sannan a kulle saitin ta cikin mariƙin bindiga, inda sai an kwance kusoshi za a kai gare shi.

An kuma saƙa wani sharaɗi a cikin tsarin, wanda a ganina shi ne ya fi nuna hankali. Harbi uku na farko dole su fito ɗaya-ɗaya. Sai yatsa ya ci gaba da motsi sannan ƙwaƙwalwa ta sa hannu, da ya tsaya kuma sai a koma farko. Dalilin shi ne wanda ya taɓa kunama bisa kuskure a wurin hutawa, inda mutane suka cire takunkumi, ƙwallo ɗaya za ta fita, ba jerin gwano ba.

Masu adawa ba su rasa hujja ba. Sun ce an kashe wata gwaninta, an daidaita wanda ya shekara yana horar da yatsunsa da wanda ya fara jiya. Gaskiya ne. Har yau akwai gasannin da suka koma kan bindigogi marasa batir domin masu wannan ra'ayi. Amma gwanintar da ba a iya bambanta ta da ha'inci, kare ta a takarda ba ya amfanar kowa sai maha'inta.

Kafa rufin 15 bai kawo ƙarshen magana ba. Tsugune ba ta ƙare ba. PSP ta sauko zuwa 13.3 a 2008, daga baya 12.5, har aka zo 10.5 da ake kai yanzu. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili.

Na farko kuɗi ne. Katon ɗin ƙwallaye na ɗauke da 2,000. A kan 15 a daƙiƙa, mutum ɗaya zai ƙarar da shi cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi idan bai ɗaga yatsa ba. A kan 10.5 zai kai minti uku da daƙiƙa 10. Ƙoƙon da ke cin ƙwallo kusan 200 zai ƙare cikin daƙiƙa 13 a tsarin farko, 19 a na biyu. Ragin ya kai kashi 30 cikin 100, kuma ya zo ne a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, iyaye suka daina iya biya wa 'ya'yansu kuɗin atisaye. Kamfanin da ke riƙe da NPPL ma a ƙarshen 2008 ya karye.

Na biyu shi ne armashin wasan kansa. Ana buga gasa ne mutum biyar da biyar, a filin da ya kai kimanin mita 45 tsawo da 36 faɗi, cike da mafakai na roba da ake hura wa iska. Da an busa, kowa na rugawa zuwa mafakarsa yayin da abokan hamayya ke zuba ƙwallaye a kan hanyar da suke zaton zai bi. A kan 15, tazarar lokaci tsakanin ƙwallo biyu kusan kashi 67 cikin 1,000 na daƙiƙa ne. Mai gudun mita bakwai a daƙiƙa bai kai ga matsa rabin mita ba wata ta iso. A kan 10.5 tazarar ta zama kashi 95, shi kuma ya matsa kusan kashi biyu cikin uku na mita, wato ɗan fiye da faɗin jikinsa. Wannan 'yar kafa ita ce bambanci tsakanin wasan da kowa ya lafe a bayan mafaka yana ɓarin fenti, da wasan da ake motsi a cikinsa har ɗan kallo ya ga abin kallo.

Na uku lafiyar jiki. Kafin mai harbi ya gane ya sami abokin karawarsa ya ɗaga yatsa, akalla rubu'in daƙiƙa ya wuce, ga kuma waɗanda ke kan hanya a iska. Duk ƙarin sauri ƙarin bulala ne a jikin wanda ya riga ya fita, kuma ƙarin yiwuwar takunkumi ya goce daga fuska yayin da wasu ke tafe.

A nan ya kamata a tuna cewa dokar yawan harbi tana da yaya, wato dokar saurin ƙwallo, wadda ta girme ta da nisa: kada ta wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, kimanin mita 91, kusan kilomita 330 a sa'a. Filayen haya da yawa kan sauko ƙasa da haka. A jiki, ƙwallo mai nauyin giram uku a wannan sauri kumburi take bari. A ido kuwa, faɗinta milimita 17 ne, ta isa ta shige tsakanin ƙasusuwan da ke kare ƙwayar ido, kuma likitocin ido sun daɗe suna gargaɗin cewa tana makantarwa. Mafi yawan irin waɗannan raunuka na faruwa ne inda aka cire takunkumi ko ake wasa a bayan gida ba alƙali.

Wanda ya san makamai zai lura cewa 10.5 a daƙiƙa na nufin 630 a minti, alhali AK-47 kimanin 600 take zubarwa. Kamannin a nan ya tsaya, domin ƙarfin harsashin AK ya ninka na ƙwallon fenti fiye da sau 150. Amma kunnen da ke nesa da idon da ya hango baƙin ƙarfe a hannun saurayi ba su da lokacin yin wannan lissafi.

Idan takardar ta iso tebur

Wannan ya dawo da mu gida. Filin ƙwallon ƙafa irin na Pantami zai ɗauki filin gasar fenti biyu har da rara, matasan Gombe kuma na kallon abin da takwarorinsu na Abuja ke yi a TikTok. Duk ranar da wani ɗan kasuwa ya rubuto neman izinin shirya irin wannan gasa a can, ko shigo da kayanta, takardarsa za ta ratsa ofisoshin da da yawa daga masu karanta wannan shafi ke aiki a cikinsu.

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta girmi wasan da shekara 22. Ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai da ke ƙarƙashin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, da na ɗuri irin na mafarauta da 'yan bindigar hawan sallah, waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigogin iska na cikin kashi na biyu. A jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigo da su kwata-kwata kuma akwai ƙananan bindigogin hannu masu aiki da iska. To, na'urar da ke tofa ƙwallon fenti da matsattsiyar iska, bindigar iska ce a idon doka ko kayan wasa? Amsar ta shafi Kwastam, ta shafi 'yan sanda, ta shafi cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ta kuma shafi Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka miƙa wa ragamar wasanni a Oktoban 2024 bayan rushe ma'aikatar, da hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Jami'in da ke Gombe na da dalilin yin taka-tsantsan fiye da na Abuja. Garin ya ga zamanin 'yan kalare, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ba su babi a rahotonta na 2007 kan tashin hankalin siyasa a Najeriya. Wanda ya rayu a wannan zamani, in ya ji an haɗa kalmar matasa da ta bindiga a jimla ɗaya, alƙalaminsa zai karkata ga hani. Ba a ga laifinsa ba. Jamus ma ta kusa yin haka: bayan harbin makarantar Winnenden a Maris ɗin 2009, inda wani matashi ya kashe mutum 15, gwamnatin haɗaka ta kawo shawarar haramta wasan baki ɗaya, sannan ta janye cikin ɗan lokaci. Abin da ƙasar ta dogara da shi har yau lamba ce. Bindigar da ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, wato kimanin ƙafa 214 a daƙiƙa, wadda kuma ke ɗauke da hatimin gwaji, wanda ya kai shekara 18 na iya mallakarta ba lasisi. Wadda ta haura, ta shiga wani babin na doka. Ɗan sandan Jamus ba ya buƙatar ya san tarihin wasan. Hatimi zai duba, in ya yi shakka a auna.

Mu ma mun taɓa gwada sa wa na'ura linzami. A ranar 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya ɗaura na'urar taƙaita gudu. Manufar mai kyau ce. Sai dai duk matafiyin da ya bi hanyar Gombe zuwa Bauchi a motar haya zai iya faɗin ko ya ji linzamin na aiki. Takardar shaidar an ɗaura na'ura daidai take da gwajin da alƙalan fenti ke yi a wajen fili: tana faɗin halin mota a ranar dubawa ne kawai. Abin da ya yi daidai da matakin PSP shi ne jami'i a bakin titi da na'urar auna gudu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan har za a ba da izini, sharuɗɗan da za su yi aiki ba su da yawa, kuma duk ana iya auna su a wurin. Mai fili ya mallaki na'urar auna saurin ƙwallo, ya nuna tana aiki. A rubuta rufin sauri da rufin yawan harbi da lambobi a cikin takardar izinin, kada a bar su a kan kalmomi irin su “daidai gwargwado”. A kewaye filin da raga mai tsawo, musamman a unguwa mai cunkoso irin Pantami, inda yara ba sa jiran gayyata kafin su taru kallo. A toshe bakin kowace bindiga da zarar an fito daga raga, a kuma ɗauke ta a rufaffiyar jaka idan za a bi titi da ita.

Galibin filayen haya a duniya bindigogi marasa batir suke bayarwa, irin su Tippmann 98, waɗanda saurin yatsa ke iyakance su. Rigima kan fara ne ranar da wani mai hali ya zo da tasa ta lantarki daga waje, ya shiga cikin 'yan koyo da ita a buɗe. Don haka rufin 10.5 na ƙwararru ne masu cikakken shiri, ba abin da zai hana a yanka wa filin 'yan koyo ƙasa da haka, ko a ce harbi ɗaya-ɗaya kawai.

Akwai kuma wani abu da dokokin da aka rubuta a ƙasashe masu sanyi ba za su tuna mana da ƙarfi ba. Yawancin bindigogin haya masu araha na iya aiki da tulun iskar kabon, wadda matsinta ke ƙaruwa da zafi. A Gombe, inda rana kan kai ma'aunin 40 a watannin Maris da Afrilu, bindigar da aka auna da ƙarfe tara na safe tana ƙasa da ƙafa 300 na iya haurawa da azahar idan an bar tulunta a rana, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Sharaɗin awo a irin wannan gari sai ya ce kafin kowane zagaye, kuma a ajiye tuluna a inuwa.